Direban USB: Abin da Mai Gyaran Waya Ke Dogaro da Shi, Ɗalibi Zai Iya Rubutawa

Duk wanda ya taɓa kai wayarsa a yi mata filashin, a Babura ko Kazaure ko kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, da wuya bai ji mai gyara ya ce, "Kwamfuta ba ta ga wayar ba, sai an sa direba." Kebul lafiyarsa ƙalau, waya tana jone, amma aiki ya tsaya cak saboda wata 'yar manhaja da ido ba ya gani. Dalilai biyu ne suka sa ya kamata jama'a su san ta. Tana zaune a wuri mafi haɗari a cikin kwamfuta, sannan mutane irinmu ne suke rubuta ta, kuma yau ana iya koyon rubutun ba tare da an sayi kayan tsada ba.

Kowace kwamfuta tana da babbar manhajar da ke tafiyar da ita, irin su Windows da Linux. A can tsakiyarta akwai sashen da ake kira kanel. Shi ke raba wa sauran manhajoji lokaci da wurin aiki, shi ne kuma mai izinin taɓa kayan cikin na'ura kai tsaye. Kanel ɗin Linux, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a Finlan a 1991, shi ne a cikin kowace wayar Android da ke aljihunmu. Sai dai kanel ba zai iya sanin yaren dubban na'urorin da ake jona wa kwamfuta ba. Aikin direba ke nan: tafinta ne tsakanin kanel da firinta, ko kyamara, ko na'urar ɗaukar hoton yatsa da ake rajistar katin ɗan ƙasa da ita.

Tsarin USB ya fito ne a 1996, bayan kamfanoni irin su Intel da Microsoft da IBM da Compaq sun haɗa kai don a daina yi wa kowace na'ura tata ƙofar daban. Da zarar an jona na'ura, kwamfuta ce ke fara magana, ta tambaye ta ko ita wace ce. Sai na'urar ta miƙa lambobi biyu, ta kamfanin da ya ƙera ta da ta samfurinta. Lambar kamfanin MediaTek na Taiwan, wanda ƙwaƙwalwarsa ke cikin wayoyin Tecno da Infinix da yawa, ita ce 0E8D. Ta Qualcomm kuwa 05C6 ce, kuma lambar nan 9008 da masu gyara suka haddace lambar samfur ce da wayar ke nunawa idan ta shiga yanayin ceto. Kanel zai duba ko akwai direban da ya ce ya san waɗannan lambobi. Idan babu, Windows sai ta liƙa wa na'urar alamar nan mai ruwan ɗorawa, ta yi shiru.

Kafin USB, kwamfutoci suna da wata ƙofa da ake kira COM, wadda ke bin ƙa'idar RS-232 ta 1960, tana tura bayani ɗaya bayan ɗaya a jere. Ƙofar ta ɓace daga laftof ɗin yanzu, amma manhajoji da yawa har gobe da ita suka iya magana. Don haka sai direba ya ƙirƙiro ƙofar kwaikwayo. Direban VCOM da mai gyara ke nema abin da yake yi ke nan: ya nuna wa manhajar filashin ta SP Flash Tool cewa ga ƙofar COM, alhali duk abin da aka zuba mata yana ɗaure shi ne ya tura ta kebul ɗin USB. Wayar MediaTek kuma, idan an jona ta a kashe, na ɗan lokaci kaɗan take buɗe wannan hanya kafin ta koma caji. Shi ya sa ake danna maɓallin farawa a kwamfuta tukuna, sannan a jona waya.

Kwaikwayon bai tsaya nan ba. Da manhajoji irin su QEMU da VirtualBox ana kunna kwamfuta a cikin kwamfuta, ta ciki tana da nata kanel da nata ƙofofin USB waɗanda ba su da ko waya ɗaya ta tagulla. Rusty Russell na Ostareliya ya tsara virtio, wanda ya shiga Linux a 2008, don kwamfutar ciki da ta waje su riƙa musayar bayani ta wani wuri da suka yi tarayya a ma'ajiya, ba sai an kwaikwayi tsohuwar na'ura dalla-dalla ba. Takahiro Hirofuchi na Japan kuma ya fito da USB/IP, wanda ke sa na'urar da aka jona a wata kwamfuta ta bayyana a wata ta hanyar sadarwa. Da shi, abin da aka jona a Roni zai iya aiki a kwamfutar da ke Dutse, muddin layin yana da ƙarfi.

To me mai rubuta direba yake rubutawa? Galibi da harshen C ake yi, ko da yake Linux ta fara karɓar harshen Rust a ƙarshen 2022. Zai fara da jerin lambobin na'urorin da direbansa ya sani. Sai ya rubuta abin da za a yi idan na'ura ta iso, yadda za a tura mata bayani a karɓi amsa, da abin da za a yi idan ta tafi. Wannan na ƙarshe shi ne mai wuya. Ana iya fizge kebul ana tsakiyar aiki, ko batir ya mutu, ko kebul mai sako-sako ya yanke ya dawo. Idan direba ya ci gaba da rubutu a wurin da ya riga ya mayar wa kanel, ba manhaja ɗaya ce za ta rufe ba, kwamfutar gaba ɗaya ce za ta faɗi.

Duniya ta ga girman wannan haɗari ranar 19 ga Yulin 2024. Kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike a Amurka ya aika wa direbansa wani sabon fayil mai kuskure, kwamfutocin Windows kusan miliyan 8.5 suka faɗi suka nuna shuɗin allo, kamar yadda Microsoft ta ƙiyasta. Jiragen sama suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka shiga ruɗani. Idan kamfani mai ɗimbin injiniyoyi ya yi haka bisa kuskure, ina ga direban da wani ya ɗora a intanet da gangan don sata?

Saboda haka ne Windows take ƙin direban da ba shi da sa hannun da ta amince da shi. Masu gyara da yawa sukan kashe wannan kariya don aiki ya tafi, wani lokaci ba su da zaɓi. Amma wanda ya yi haka ya sani cewa ya ba baƙo mabuɗin komai. A ɗauko direba daga shafin kamfanin da ya ƙera na'urar. A mayar da kariyar da zarar an gama. A ware kwamfutar filashin daban, kada a buɗe asusun banki a kanta, kada kuma a tara hotuna da lambobin kwastomomi a ciki. Rigakafi ya fi magani.

Ga ɗalibai kuwa, yankin Kazaure da Babura ba baƙon wannan ilimi ba ne. Kazaure tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da cibiyar fasahar sadarwa ta jiha da aka kafa a zamanin Gwamna Saminu Turaki, Babura kuma ta samu Jami'ar Fasaha ta Tarayya a 2021. Abin da ɗalibi ke buƙata bai wuce laftof, ko ta hannu ce, da Linux da QEMU ba, kuma manhajojin nan biyu kyauta ne. A cikin Linux akwai dummy_hcd, wanda ke kwaikwayon ƙofar USB da na'urar da aka jona mata a kwamfuta guda. Ɗalibi zai ƙirƙiri na'urar kwaikwayo, ya rubuta mata direba, ya gwada a kwamfutar ciki. Idan ta faɗi, sai ya sake kunna ta, bai ƙona komai ba. Rubutun direbobin da ƙwararru suka yi a buɗe yake ga mai son karantawa, kuma duk wanda ya gyara kuskure zai iya aika gyaransa ga masu kula da sashen USB, wanda Greg Kroah-Hartman ke jagoranta. Idan an karɓa, sunansa zai shiga tarihin kanel ɗin.

Malaman waɗannan makarantu za su yi wa yankin babban aiki idan suka riƙa ba 'yan ajin ƙarshe irin wannan aiki, suka kuma haɗa su da masu gyaran waya na kasuwa. Mai gyara ya san na'urorin da ke ba shi wahala kullum, ɗalibi kuma yana neman matsala ta gaskiya da zai gwada iliminsa a kai.