Tsohuwar kwat da abin da shafi ya rufe

A Landan da Tokiyo da New York akwai mutanen da ba su da abin sha'awa kamar farautar tsofaffin kwat. Za ka ga mutum ya tsallake sabuwa fil a kanti, ya je ya zuba kuɗi mai kauri a kan wadda aka ɗinka tun 1938, wadda mai ita na farko ya daɗe a ƙasa. Wasu ajiyewa suke yi kamar kayan tarihi, amma yawancinsu sawa suke yi, su je ofis ko ɗaurin aure. Wanda bai sani ba sai ya ce tsabar son tsohon yayi ne. Akwai wannan, amma babban dalilin yana cikin rigar ne, a wurin da ido ba ya kaiwa.

Gaban kwat hawa uku ne: yadin waje, shafin ciki, da wani yadi mai ɗan tauri a tsakaninsu wanda shi ne ƙashin rigar. Telolin da, irin na titin Savile Row a Landan, da ulu da lilin da gashin doki ake saƙa musu wannan yadin tsakiya. Sai tela ya zauna da allura ya bi shi da ɗaruruwan ƙananan ɗinki, yana lanƙwasa shi a kan yatsunsa har ƙirjin ya ɗauki siffar ƙirjin mutum, kwalar gaba kuma ta naɗo a hankali maimakon ta kwanta a shafe kamar takardar da aka ninke. Irin wannan kwat tana ƙara bin jikin mai ita yayin da take tsufa. Daga wajen shekarun 1960 masana'antu suka rungumi hanya mai arha: a shafa wa yadin tsakiya gam, a danne shi da zafi ya manne da na waje. Aikin kwanaki ya koma na mintoci. Aibinsa ba ya fitowa ranar saye. Sai an sha wanki da guga, gam ya fara saki, ƙirjin rigar ya yi bororo, kuma babu telan da zai iya mayar da shi.

Gane bambancin ba wuya. Ka kama gaban kwat ɗin ƙasa kaɗan da ramin maɓalli na ƙarshe, yatsu biyu a waje, biyu a ciki, ka ja a hankali. In ka ji wani yadi na uku yana zamewa shi kaɗai a tsakani, ɗinki ne. In na wajen ya yi kauri kamar kwali babu abin da ke motsi, gam ne. Sannan ka ɗaga kwalar gaba ka dubi bayanta a haske: aikin hannu yana barin ƙananan ɗigo-ɗigo a jere, ba su cika daidaita ba. Duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar babbar riga mai aska takwas ta aikin hannu, ya kuma riƙe ta keke, ya san irin tazarar da ake magana.

Masu wannan harka suna karanta shekarun kwat daga yankanta. A shekarun 1930 wani tela mai suna Frederick Scholte, wanda ke yi wa Yariman Wales na lokacin ɗinki, ya fito da yanka mai faɗin kafaɗa da sakakken ƙirji da matsattsen ƙugu, duniya ta ɗauka. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, ulu ya zama kayan soja. Gwamnatin Birtaniya ta fito da tufafin tsimi masu tambarin CC41 a 1941, a shekara mai bi kuma ta hana naɗin ƙafar wando da kwat mai maɓalli layi biyu, ta kuma ƙayyade yawan aljihu. An ce wasu mazan suka riƙa sayen wandon da ya fi su tsawo, su kai gida a naɗe musu ƙafar. A Amurka ma an taƙaita yadi a 1942, har doguwar kwat mai cin yadi da samari 'yan asalin Meziko ke sawa ta zama hujjar da sojoji suka fake da ita suka far musu a Los Angeles cikin Yunin 1943. Bayan yaƙi kwala ta yi ta sirancewa har shekarun 1960, ta sake bajewa a shekarun 1970 tare da yadin roba mai ƙyalli, wanda a ganina shi ne zamanin da kwat ta fi muni. Sai Giorgio Armani, wanda ya kafa kamfaninsa a 1975, ya sassauta ƙashin rigar ya saukar da maɓalli ƙasa.

Akwai kuma ƙananan shaidu. Telan da ya ɗinka wa mutum kwat tasa shi kaɗai yakan manna ɗan ƙyalle cikin aljihun ciki, ya rubuta sunan mai ita da kwanan wata da tawada. Sai ka zaro aljihun waje za ka gan shi. Tambarin Woolmark, mai kama da dunƙulen zare, bai wanzu ba sai 1964, saboda haka duk mai ce maka kwat mai ɗauke da shi ta zamanin yaƙi ce, cika baki yake yi. Wando mai maɓallai a gaba maimakon zif, da maɓallan rataya a ƙugu maimakon madaukan bel, yakan nuna tsufa, ko da yake wasu teloli har gobe haka suke yi.

Mu nan ba mu da kantunan da suka keɓe da wannan, amma muna da gwanjo. Dilolin da ake kwancewa a Ƙofar Wambai a Kano ko Kantamanto a Akara yawancin kwat ɗin cikinsu na gam ne na shekarun baya-bayan nan. Jefi-jefi dai akan tsinci ta ƙwarai a tsakani, kuma mai sayarwa kan yi mata kuɗi ɗaya da sauran, domin shi sabunta da launi yake dubawa.

To amma ko wane tela ya ɗinka ta, kwat ɗin da ba ta zauna a kafaɗa ba ba taka ba ce. Nan ne masu saye suka fi faɗawa rami: suna ya ruɗe su, su ce tela zai gyara. Kafaɗa ita ce inda yadin waje da ƙashi da auduga da hannu da kwala duk suka haɗu, taɓa ta kusan warware rigar ne baki ɗaya. Ka sa ta, ka jingina gefenka da bango a hankali. In audugar kafaɗa ta riga damtsenka taɓa bangon har ta lotse, ta yi maka yawa. Ka sa wani ya duba bayan wuyanka: kwalar ta kwanta a kan ta taguwa ba tare da rata ba. Ka ɓalla maɓallin tsakiya. In yadin ya ja ya yi layuka huɗu suna fita daga maɓallin, ta matse. Tsawonta ya rufe mazaunai, hannunta kuma ya bar kamar rabin inci na hannun taguwa ya leƙo. Na ƙasan maɓallan ba a ɓalla shi, domin a kan haka aka yanka rigar.

Abin da tela zai iya shi ne rage ƙugu, rage tsawon wando, da buɗe ɗinki in an bar sarari. A nan ma tsohuwar kwat ta yi zarra, don telolin da sukan bar yadi mai yawa a ɗinkin baya da na ƙugun wando, sanin cewa tumbi na tafe. Hannu kuma akwai tarko. In ramukan maɓallan hannun na gaske ne, masu buɗewa, ba za a iya rage shi sosai daga ƙasa ba, sai an cire hannun daga kafaɗa, aikin da ba kowane tela ke iyawa ba. Kada kuma a dogara da lambar da ke jiki. Lamba 40 ta Ingila da Amurka ita ce 50 ta Italiya, kuma 40 ɗin 1950 ba lalle ta yi daidai da ta yau ba. Tef ɗin awo a aljihu ya fi lamba gaskiya. Wandon da kuwa a cibiya yake zama, wani lokaci sama da ita, don ya haɗe da falmaran ba tare da taguwa ta leƙo ba. Wanda ya sauke shi kan kwankwaso irin na samarin yanzu zai ga gindin wandon yana reto.

Kafin a biya, a ɗaga rigar sama ta fuskanci rana. Ramukan asu ƙanana ne, sai haske ya ratsa su ake gani. A duba hammata da gwiwar hannu da tsakanin cinyoyin wando. Ƙyallin da dutsen guga ya bari a kan ulu sau da yawa ba ya fita, shi ya sa ba a ɗora dutse kai tsaye, sai an shimfiɗa ɗanyen ƙyalle a tsakani. Ba a kuma jiƙa kwat a bokiti a cuɗa. Buroshi da shan iska a inuwa, da rataya a faffaɗan maratayin katako, sun ishe ta mafi yawan lokaci.

Saura nauyi. An ɗinka waɗannan riguna ne don gidajen Turai masu sanyi, da yadin da mita ɗaya kan kai giram 500 ko fiye, alhali na yau yawanci tsakanin 250 ne da 300. Kaurin nan shi ke sa su zuba da kyau, su ƙi yamutsewa, su kuma shekara hamsin ba su mutu ba. A Kano ko Zinder, daga Disamba zuwa Janairu ne kawai mutum zai sa irinta ya ji daɗi. Mai son sawa a watan Afrilu ya nemi ta lilin, ko irin ɗinkin birnin Napoli na Italiya, mai sauƙin ƙashi da rabin shafi, wanda tun shekarun 1930 aka tsara shi don garin zafi.