Wajen Baba Ko Wajen Inna?

A garuruwan bakin Tafkin Kainji, daga Yelwa har Wara, idan aure ya mutu ba kayan ɗaki ke tsawaita rigima ba, 'ya'ya ne. Mafi wuya kuwa shi ne yaro ɗan shekara 12 ko 13, wanda ya wuce goyo amma bai isa riƙe kansa ba.

Ina koyarwa a ƙaramar sakandare a Yelwa, kuma akwai irinsa a ajina. Ubansa masunci ne a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Ngaski, uwar kuma ta dawo gidansu bayan saki. Dangi suka taru a zaure, kawunsa ya dube shi ya ce, "To, ga uwarka, ga ubanka, wa za ka bi?" Yaron bai ce uffan ba. Sai daga baya ya ce mini, "Malam, in na bi Inna, wa zai taya Baba jan taru? In na bi Baba kuma, boko ta ƙare." Ka ji lissafin da manya biyu suka kasa, suka ɗora wa yaro.

Abin da da yawa ba su sani ba, mazhabar Malikiyya da alƙalanmu na Kebbi ke hukunci da ita ba ta yi wa yaro wannan tambayar. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamanmu, ta bar riƙon namiji a hannun uwa har ya balaga, na mace kuwa har ta tare a ɗakin miji. Idan uwar ta auri bare, riƙon ya koma ga kakar yaron ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwa. Ci da sha da tufafi kuwa suna wuyan uba, ko a ina yaron ya kwana. Muhtasar na Halil ya ƙara cewa uban da ya yi ƙaura mai nisa zai iya tafiya da ɗansa, amma ban da tafiyar neman abinci. Masuncin da ya bi kifi na 'yan watanni bai yi ƙaura ba.

Sai dai ba wa yaro zaɓi yana da asali, ba ƙirƙira ba ce. Abu Huraira ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ba wani yaro zaɓi tsakanin iyayensa, ya kama hannun uwarsa. Shafi'iyya sun tafi a kan haka da zarar yaro ya yi wayo.

Mu kuwa mun bar duka biyun, mun kama "ɗa na uba ne". Sai a ƙwace yaro a kai wa kishiyar uwa, ko a bar wa uwar shi ba ko sisi, wai don a hora ta. A ganina wannan ba riƙo ba ne, ramuwar gayya ce.

A ji ta bakin yaro, amma a keɓe, ta hannun kaka ko malaminsa, ba a gaban taro ba. A tambaye shi makaranta da ƙannensa da inda hankalinsa ke kwanciya, manya su yanke, laifin ya zama nasu. In an kasa daidaitawa gaban mai unguwa ko hakimi, a je wurin alƙali, kuma uba ya biya ciyarwa.