Waƙa da Kiɗa a Zaure Ɗaya: Daga Sifawa da Boɗinga har Maukibin Kano

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Ya ku malamai da almajirai, da fatake da masu rumfa a kasuwa, na Horo Birni da Shagari da Boɗinga da sauran garuruwan da ke bisa hanyar Sakkwato zuwa Jega, ga wata magana da ta isa a zauna a duba. A zamanin nan an yawaita shirya taro inda mai rubutacciyar waƙa zai miƙe ya rera abin da ya wallafa, makaɗa kuwa suna bayansa suna bi da kiɗan da aka tsara domin wannan waƙa. Waɗansu sun yi murna da abin, waɗansu sun ƙyamace shi, mafi yawa kuwa sun ɗauka baƙon abu ne da ya zo tare da waya da intanet. Alhali kuwa gardamarsa ta haura shekara ɗari biyu, kuma a nan ƙasarmu aka yi ta.

Tun asali gida biyu ne. Akwai gidan mawallafi, watau malami mai alƙalami da tawada, wanda ya ke auna waƙarsa da ma'aunin aruli, ya ɗaure ta da ƙafiya, ya buɗe da sunan Allah, ya rufe da salati, sau da yawa ya sa sunansa da ramzin shekara a baitin ƙarshe. Shi ba ya ɗaukar ganga, muryarsa ita ce kayan aikinsa. Akwai kuma gidan makaɗi, mai 'yan amshi da kotso ko taushi ko kalangu, wanda waƙarsa ke cikin ƙirjinsa, ba bisa takarda ba. Ƙasar Sakkwato ba ta bar wa kowa ba a gidajen nan biyu. Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo sun riƙe kotso, Salihu Jankiɗi ya riƙe taushi a fadar Sarkin Musulmi, Ɗan Anace ya yi wa 'yan dambe da manoma da kalangu. Ta wajen alƙalami kuwa, ai nan ne tushen. Amma kowane gida ya san iyakarsa, har malami ya kan ji an ci mutuncinsa in an kira shi mawaƙi irin na roƙo.

To, sa'ad da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya ƙara masa yarda, ya zauna a Sifawa, daga wajen shekara ta 1810 har ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi yana zaune a Boɗinga, ba su da nisa da juna. Dukansu biyu mawallafan waƙa ne. Shehu ya yi ta da Fulatanci da Larabci da Hausa don ya isar da wa'azi ga makiyayi da manomi da matar da ke cikin kulle. Malam Abdullahi ya tattara ƙasidunsa a littafin Tazyinul Waraƙati a 1813. Ba su saɓa a kan waƙa ba. Inda suka saɓa shi ne a kan kayan kiɗa, tare da waɗansu mas'aloli na sarauta da tufafi. Shehu ya sassauta a cikin Misbahu, wanda ya rubuta a 1808. Malam Abdullahi ya tsananta a cikin Liya'us Sulɗani, yana riƙe da mashhurin mazhaba. Sa'an nan Shehu ya amsa a cikin Najmul Ihwani a 1812, yana jan hankalin jama'a da kada su yi gaggawar inkari bisa abin da malamai suka yi saɓani a kansa. Duk almajirin da ya sauke Risala ya san inda Malam Abdullahi ya tsaya, gama Ibn Abi Zaidin ya hana sauraron kayan wasa da gangan, ya keɓe duffi a wurin aure, ya kuma ambaci saɓani game da gangar da a ke kira kabar. Wanda ya karanta babin sauraro a cikin Ihya'u na Imamu Gazzali kuwa ya san ƙofar da masu sassauci su ke bi. Abin lura shi ne, wa da ƙane suka yi wannan muhawara da alƙalami, kowa ya kawo hujjarsa, ba wanda ya fitar da ɗan'uwansa daga jama'a.

Saboda haka hanyar da aka gada a ƙasar nan ita ce rerawa da murya tsantsa. Haka Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta koya wa jajinta, su kuwa suka kai waƙoƙin ƙauye-ƙauye ga 'yan taru. Haka kuma har yau a ke raba dare da Ishiriniya ta Alfazazi da Burda ta Busiri a watan Rabi'ul Awwal, wani ya ja baiti, jama'a su karɓa.

Wurin da gidajen nan biyu suka haɗu a fili, a gaban dubban mutane, shi ne Kano. Fatake su saurara, domin ta hannun 'yan'uwansu abin ya zo. Larabawan Turabulus da Gadamas da suka zauna a birnin Kano domin ciniki sun zo da zikirinsu irin na Arewacin Afirka, wanda a ke yi da bandiri. Shehu Muhammadu Nasiru Kabara, Allah ya jiƙansa, shi ya ɗauki wannan ya yaɗa shi cikin Ƙadiriyyar Kano, ya tsaya masa da hujja gaban masu suka. A farkon shekarun 1950 ya fara Maukibi, watau jerin gwanon da a ke yi kowace shekara a watan Rabi'us Sani domin tunawa da Shehu Abdulƙadir Jilani na Bagadaza, wanda ya rasu a shekara ta 561 ta Hijira, daidai da 1166. A kan tashi daga Gidan Ƙadiriyya a unguwar Kabara, kusa da gidan Sarki, a nufi maƙabartar Wali Mai Giginya, ƙungiya bayan ƙungiya, kowace da tutarta da sha'irinta da 'yan bandirinta. Bayan rasuwar Shehu Nasiru a 1996 ɗansa Shehu Ƙaribullahi ya ci gaba da jagorantar taron.

Ga yadda aikin ya ke. Bandiri fata ce a ke ɗaure wa bisa zoben itace, fuska ɗaya, a buga da tafin hannu da yatsu. Akwai manya masu zurfin murya, akwai ƙanana masu kaifi, in fata ta saki kuwa sai a nuna ta ga rana ko wuta ta ɗame. Sha'iri ya kan fara ƙasida a hankali, ta Larabci ko ta Hausa, sau da yawa takardarsa na hannunsa, jama'a na karɓar amshi. Masu bandiri ba su shiga gabansa. Su kan jira ya kafa karin, sa'an nan su faɗa ciki, a tafi ana ƙara sauri kaɗan-kaɗan. Ka ga ke nan alƙalami ne a gaba, fata tana biye. Ba kowa ya yarda da wannan ba. Dattawan Ƙadiriyyar Sakkwato sun gaji wuridinsu ba da bandiri ba, kuma ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta yi suka mai tsanani. Hukuncin wannan yana wurin malamai, kowa ya bi wanda ya amince da iliminsa. Abin da mu ke so mu duba a nan shi ne sana'ar kanta, gama ko wanda bai halarci taron ba waƙar za ta iske shi a kasuwa, daga wayar maƙwabcinsa.

Masu karatun ajami sun fi kowa sanin sirrin wannan. Ajami yana nuna inda a ke jan wasali, da alif da wawu da ya, boko kuwa ya bar mai karatu ya lalubo. Garin da a ke zama a cikinsa da garin da a ke tuƙa tuwo da shi, a boko rubutunsu ɗaya ne, a ajami kuwa ɗaya yana da ja, ɗaya ba shi da shi. Wannan ja da rashinsa shi ne ya sa ma'aunin Larabawa ya zauna wa Hausa daram, har malamanmu suka yi waƙa a bahar Kamil da Mutaƙarab da Basiɗ da Ramal ba tare da sun karya harshensu ba. Bayan ja kuma akwai hawa da saukar murya, wanda ya raba wuyan da a ke rataya laya da wuyar da a ke sha, ya raba kukan yaro da kukar miya. Makaɗin kalangu ya san wannan sarai, shi ya sa kalangu ke magana. To, in aka fara wallafa waƙa, sa'an nan aka yi mata kiɗa daidai da jikinta, kamar yadda tela ya ke auna mutum kafin ya yanka yadi, kalmomi su kan fito da lafiyarsu. In kuwa aka fara haɗa kiɗa a fiyano a ɗakin ɗaukar murya, sa'an nan aka ce wa mai waƙa ya cusa baitinsa ciki, sai ka ji an ja abin da ba a ja, an gutsure abin da ya kamata a ja, har mai sauraro ya rasa ko gari a ke nufi ko gari. A ganinmu wannan aibi ne babba, kuma shi ne ya fi yawa a waƙoƙin da a ke sayarwa yanzu.

Kada kuwa a ce aron kari daga makaɗa laifi ne a kansa. Malam Aliyu Namangi, makahon Zariya da ya rasu a 1990, ya ɗauki karin kiɗan caji, wanda samari ke rawa da shi, ya zuba masa wa'azi da begen Annabi, ya zama Imfiraji, wadda makafi da almajirai suka yi ta rerawa ƙofa-ƙofa a ƙasar Hausa duka. Ya yi haka ne don ya janye kunnen mutane daga wasa zuwa tunawa da lahira. Amma karin nan na Hausa ne, an haife shi cikin harshen, shi ya sa ya karɓi kalmomin ba gardama. Wannan dabam ne da abin da ya faru a Kano a shekarun 1990, sa'ad da waɗansu samari masu bandiri, irin ƙungiyar Ushaƙu Indiya, suka riƙa ɗauko karin waƙoƙin finafinan Indiya suna ɗora musu bege. Niyyarsu ta yi kama da ta Namangi, sai dai karin baƙo ne, kuma mai sauraron da ya san fim ɗin, Allah kaɗai ya san inda zuciyarsa ta ke tafiya. Har cikin masu bandirin kansu an sami waɗanda suka ƙi wannan.

Yanzu 'yan boko ma sun shigo da nasu. A 2021 an fara bikin littattafai da fasahar Hausa a Kaduna, wanda a ke kira HIBAF, a 2024 kuma aka fara wani bikin na waƙa a Kano. A irin waɗannan a kan karanta waƙa da Hausa da Turanci, a kuma gayyaci makaɗa. Aminu Ladan Abubakar, wanda aka sani da Alan Waƙa, ya nuna cewa mutum ya iya rubuta waƙarsa da ƙafiyarta, ya rera ta da kayan kiɗan zamani, jama'a kuma su riƙe kalmomin.

Ga 'yan kasuwa kuwa akwai tasu magana, domin su a kan tasa gaba da takardar neman taimako in za a yi taro, su ne masu biyan kuɗin lasifika da janareta da goro. Wanda ya biya yana da bakin faɗa. Ya iya cewa a fara karanta waƙa da murya tsantsa, baiti-baiti, kowa ya ji abin da ta ƙunsa, kafin a sa mata wani abu. Ya iya cewa a ambaci sunan mawallafi a fili, gama an sha ganin waƙar malami ta yi kasuwa a bakin wani, mai ita bai sami ko na tawada ba. Sa'an nan akwai batun liƙi. Da zarar an fara manna wa mai karatu kuɗi a goshi, sai ka ga ya bar takardarsa ya shiga kiran sunayen masu manyan riguna, wa'azi ya koma roƙo tun ba a kai tsakiyar waƙa ba. In za a yi masa alheri, a ba shi a hannu bayan an tashi, kamar yadda a ke yi wa malami sadaka.

Mutanen Shagari kuwa suna da abin da za su fara da shi ba sai sun yi aro ba. Alhaji Shehu Shagari, Allah ya jiƙansa, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, ya rasu a 2018, tun yana malamin makaranta ya wallafa Waƙar Nijeriya a 1948, ya tsara labarin ƙasar da garuruwanta da mutanenta cikin baitoci, don yara su rera su hardace abin da ya yi musu nauyi a littafi. Akwai dattawa a ƙasar nan da suka koye ta suna yara. Ga kuma waƙoƙin Alhaji Aƙilu Aliyu, haifaffen Jega, wanda ya rasu a 1999, ga na Shehu da na Nana da ke cikin gafakar malamai a zaurukan Sifawa da Boɗinga, waɗansu takardun har sun fara cin baki. Masu rera su da karin da suka ji daga bakin iyayensu suna raguwa kowace shekara, karin kuwa ba a rubuce ya ke ba, ko a ajami ko a boko. Haza wassalamu.