Ƙwayoyin Ƙarfe Masu Tona Asirin Jijiyoyin Jini

Shekaru da dama likitoci sun dogara ga awon ƙuncin jijiyar jini wajen hasashen bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Sai dai sau da yawa kitsen da ke fashewa ya haddasa gudan jini bai toshe hanya sosai ba. Abin da ke raunana murfinsa shi ne kumburi, wato taruwar wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira makurofaj, waɗanda ke cinye shi daga ciki kamar gara a azara. Hoton da aka saba ɗauka kuwa faɗin hanyar jini yake nunawa, ba ya ganin wannan ɓarna.

Dabarar da masana suka ɓullo da ita ta dogara ne ga kwaɗayin makurofaj. Akan ɗura wa majiyyaci ƙwayoyin sinadarin ƙarfe masu girman kimanin nanomita 30, wato kashi 30 cikin biliyan na mita. Makurofaj sukan haɗiye su, bayan kwana ɗaya ko biyu kuma na'urar MRI ta nuna duhu a inda suka yi dandazo.

An nuna hakan a jikin zomaye a 2001, sannan a jijiyoyin wuyan mutane a Mastirik ta ƙasar Holan a 2003. A 2009 masu bincike a Kambirij ta Ingila suka gano cewa miligiram 80 na maganin atorvastatin ya rage wannan duhu cikin makonni 12, abin da miligiram 10 bai yi ba.

Duk da haka, da sauran rina a kaba. Dabarar ba ta zama gwajin yau da kullum ga jijiyoyi ba. A 2015 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta tsaurara gargaɗi kan ferumoxytol, ɗaya daga cikin irin waɗannan ƙwayoyi, saboda jikin wasu kan yi masa mummunan bore. Sannan nuna kumburi bai isa hujjar cewa hoton zai ceci rai ba, sai an gwada a kan dubban majiyyata.

Darasin da mai karatu zai riƙe tun yanzu shi ne, jin garau ba shaidar lafiyar jijiya ba ne. Taba sigari, hawan jini, ciwon sukari da yawan kitse a jini su ke rura wannan wuta, kuma awon hawan jini da sukari ba ya buƙatar MRI. Allah ya ba mu ikon kiyayewa.