Yadda Iyali Za Su Fita Daga Bashi

  Yau za mu yi magana a kan wani abu da ke hana mutane da yawa barci, amma ba su so a ji, wato bashi. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Gaskiya ne. Amma akwai bashin da ya kai mutum ya bar bin hanyar kasuwa don kada ya haɗu da mai shago, ya kashe wayarsa, har a majami'a ya zauna can baya domin wanda yake bin sa yana zaune a gaba. Idan haka kake, ɗan'uwa, idan haka kike, 'yar'uwa, wannan magana taku ce.

Idan kana da Littafi Mai Tsarki kusa, ka buɗe 2 Sarakuna sura 4, aya 1 zuwa 7. Labarin wata gwauruwa ne. Mijinta yana cikin ƙungiyar annabawa, mai tsoron Allah ne, amma ya mutu ya bar bashi, mai bin bashin kuwa yana shirin kwashe 'ya'yanta biyu su zama bayinsa. Ta kai kuka wurin annabi Elisha. Shi kuwa ya fara tambayarta abin da ya rage mata a gida. Ɗan mai ne kawai a tulu. Ya sa ta aro tuluna daga maƙwabta, ta rufe ƙofa ita da 'ya'yanta, ta yi ta zuba man har tulunan suka cika. Sa'an nan ya umurce ta ta sayar, ta fara biyan bashin, abin da ya saura su ci.

Allah ne ya yi mu'ujizar. Amma matar ta yi abu huɗu waɗanda kowane gida zai iya yi: ta faɗi gaskiya, ta duba abin da take da shi, ta yi aikin tare da iyalinta, ta kuma sa biyan bashi a gaba. Kafin mu bi su ɗaya ɗaya, bari mu ga ta inda bashi yake shigo mana.

Ta ina bashi yake shiga?

Ku lura, mutumin nan mai tsoron Allah ne, duk da haka ya mutu da bashi. Saboda haka kada mu ce duk wanda ake bi bashi malalaci ne ko mai zunubi. A ranar 29 ga Mayu 2023 gwamnati ta janye tallafin man fetur, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota da na abinci suka bi ta. A daminar 2023 kuma cuta ta faɗa wa citta a Kudancin Kaduna, wajen Kachia da Jaba da Kagarko, manoman da suka ci bashi suka shuka suka tashi hannu wofi. Wasu kuma tashin hankali ne ya kore su daga gonakinsu. Waɗannan ba laifin iyali ba ne.

Amma akwai ƙofar da mu da kanmu muke buɗewa. Manomi yana samun kuɗinsa sau ɗaya a shekara, da kaka. Da kaka kuwa hatsi ya fi araha, gama kowa yana kai nasa kasuwa. A daidai lokacin ne Kirsimeti yake zuwa, da bukukuwan aure, da anko, da kuɗin makaranta na Janairu. Sai a yi ta ɗiba daga rumbu ana sayarwa ba lissafi. Kafin Yuli ko Agusta rumbu ya ƙare, ga taki ana nema, ga zazzaɓin damina ya kwantar da yara. Sai maigida ya je ya sayi hatsin da ya sayar da araha, yanzu da tsada, da kuɗin bashi. Wani ma yakan karɓi buhun taki a kan zai biya da masara in an yi girbi. Amfanin gonar da bai riga ya nuna ba ya zama na wani. Haka shekara take juyawa, bashin bara ya cinye girbin bana.

Na fari, a faɗi gaskiya a rubuta

Gwauruwar ba ta ɓoye halin da take ciki ba. Ku sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta. A shafi na fari ku rubuta kowane bashi: wane ne yake bi, nawa ne, akwai ruwa a kai ko babu, yaushe aka yi alkawarin biya. Har da naira 500 na mai kayan miya.

Ni kaina na sha wannan. Shekarar da na gama makarantar Littafi Mai Tsarki, ɗanmu ya kwanta asibiti, na yi ta rance nan da can. A zuciyata ina tsammani mutum huɗu ne suke bi na. Ranar da muka zauna da uwargida muka rubuta, sai ga mutum tara, biyu daga ciki ita ce ta karɓa ban sani ba, uku kuma ni na karɓa ba ta sani ba. Mun ji kunya, amma a daren ne na fara yin barci sosai, domin na san iyakar abin.

Na biyu, a ƙirga abin da ke shigowa da abin da ke fita

Cikin Luka sura 14 Yesu ya ba da misalin mai gini wanda yakan zauna tukuna ya yi lissafi kafin ya sa harsashi. Riƙon gida ma gini ne. Har wata guda ku rubuta kowace naira da ta fita: cefane, niƙa, sabulu, kuɗin mota, katin waya, kalanzir ko gawayi, gudummawar biki da ta jana'iza. Kada ku tsallake burkutu da caca idan suna nan, gama littafin naku ne, ba na fasto ba. A ƙarshen wata za ku ga ramin da kuɗi yake zurarewa.

Manomi kuma sai ya yi lissafin shekara, tun hatsi yana masussuka. A ce gidanku yana cin mudu 2 kowace rana. A wata mudu 60 ke nan, a shekara 720. Idan buhunku yana ɗaukar mudu 80, kuna bukatar buhu 9. Waɗannan buhu 9 a ware su, kada a taɓa su don biki ko don baƙo. A ware iri. A ware na taki da na ƙwadago. A ware na makaranta, gama an san lokacinsa: Satumba, Janairu da Afrilu. Abin da ya saura bayan wannan shi ne naku na sayarwa. Yusufu a Masar kashi ɗaya cikin biyar ya ajiye a shekarun ƙoshi, shi ya ceci ƙasar a shekarun yunwa. Kaka ita ce ƙoshinmu, Agusta ita ce yunwarmu, kowace shekara kuwa suna zuwa.

Na uku, a yi shi tare

Matar ta rufe ƙofa ita da 'ya'yanta, su suna miƙo tuluna, ita tana zubawa. Kasafin da maigida ya yi shi kaɗai ba ya kai mako biyu, domin uwargida ce ta san farashin mudu da kwalbar manja. Maigida, ka faɗa wa matarka abin da kake samu. Uwargida, ki faɗa wa mijinki zubin adashin da kike yi da ribar sana'arki. Yaran da suka yi wayo a zaunar da su a gaya musu cewa bana kayan Kirsimeti na bara za a wanke a goge. Yaro yakan haƙura idan ya san dalili.

Na huɗu, bashi ya sami rabonsa tun da fari

Yawancinmu mukan ce in wani abu ya ragu a ƙarshen wata za mu biya. Ba abin da yake raguwa. Elisha ya sa biya a gaba, ci a baya. Ga misali. A ce maigida yana ɗaukar naira 70,000, wato mafi ƙarancin albashin da aka sa hannu a kai a 2024, uwargida kuma tana samun 30,000 daga sana'arta. Jimla 100,000. Ranar da kuɗi ya shigo sai a raba: zakka da baiko 10,000, bashi 15,000, abinci 45,000, ajiyar makaranta da asibiti 12,000, sauran hidima 18,000. Kowane kashi da ambulan ɗinsa. In na wani ya ƙare, ya ƙare sai wata mai zuwa.

Wanne za a fara biya? Mai ruwa. A ce mai shago yana bin 20,000, makaranta 40,000, mai ba da kuɗi da ruwa kuma 60,000 a kan naira 10 bisa 100 kowane wata. Ruwan kaɗai 6,000 ne a wata. Idan ruwan kawai kake biya, bayan wata 10 ka ba shi 60,000, uwar kuɗin kuwa tana nan ba ta motsa ba. Amma idan ka zuba masa 15,000 duk wata, ruwan yana raguwa tare da uwar kuɗin, a wata na 6 ka rabu da shi. Sai ka juya wannan 15,000 kan makaranta da mai shago. Cikin wata 10 gidan ya fita.

Waɗanda za su jira, kada ka guje musu. Ka je da ƙafarka, ka gaishe su, ka faɗi ranar da za ka soma da abin da za ka iya bayarwa, ka kuma cika. Ko ƙasa haka ta yi. A 2005 Najeriya ta zauna da ƙasashen da ake kira ƙungiyar Paris, waɗanda suke bin ta wajen dala biliyan 30. Suka yafe biliyan 18, ta biya kusan biliyan 12, aka gama a 2006. Ban ce mai bin ka zai yafe maka ba, amma mutum ya fi sauƙin haƙuri da wanda yake gani da wanda yake ɓuya. Zabura 37 ta lissafta ƙin biyan rance cikin halin mugaye, bai kamata a same shi wurin mai bi ba.

Abubuwan da za a kiyaye

Kada a ci sabon bashi don a biya tsoho, musamman irin wanda ake bayarwa ta waya cikin minti kaɗan. Ruwansa yana da yawa, kwanakinsa kaɗan ne, waɗansunsu kuma sukan aika wa duk mutanen da ke cikin wayarka saƙon cin mutunci in ka yi latti, har hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu sayen kaya ta ɗauki mataki a kansu a 2022. Kada a jinginar da gonar gado don biki na kwana ɗaya. Jana'iza kuma a yi ta daidai ƙarfi. Wanda ya tafi wurin Ubangiji ba ya bukatar saniya, marayun da ya bari ne suke bukatar kuɗin makaranta. Daidai ruwa daidai tsaki.

Ku kuma dattawan ikkilisiya da shugabannin zumuntar mata, mu rage ɗora wa mutane anko da gudummawa iri iri a lokaci guda. Ku da kuke bin 'yan'uwa bashi, ku karanta Nehemiya sura 5, inda ya tsauta wa manya don sun karɓe gonakin talakawa a lokacin yunwa. Wanda ya zo maka da littafinsa da gaskiyarsa, ka ba shi lokaci.

Mai sauraro, kada ka jira kaka ko ƙarshen wata. A daren yau, bayan yara sun kwanta, ku ɗauki fitila da biro ku cika shafi na fari. Sannu ba ta hana zuwa.

Mu yi addu'a. Ya Uba, ka ga gidajen da bashi ya danne. Ka ba miji da mata zuciya ɗaya, ka ba su ƙarfin hali su faɗi gaskiya, ka sa albarka a kan ɗan abin da ke hannunsu har su biya kowa, su ci sauran da salama. Cikin sunan Yesu, amin.

Sai mun sake saduwa a mako mai zuwa. Ubangiji ya kiyaye ku.