Katin memwar mai Wi-Fi: abin da ya kamata mu sani kafin a aiko mana da shi

Da zarar an gama girbi, lokacin bukukuwa ya kama ke nan a ƙasar Agye da Gazawa da Gidan Rumji. Aure nan, suna can, saukar karatu gobe. Ƴan uwanmu da ke Abijan, Legas, Aljeriya, Libiya ko Makka kuwa, magana ɗaya suke maimaitawa a waya: a turo mana hotuna. Wasu daga cikinsu sukan so su sayo wa ƙanen da ke sana'ar hoto a gida wani kati da suka ji an ce shi da kansa yake tura hoto zuwa intanet. To, yau za mu yi bayanin wannan kati, domin kada a zuba kuɗi a abin da ba zai yi aiki ba, kuma kada hoto ya fita inda ba a aike shi ba.

Mene ne shi?

Duk mun san katin memwar, wanda maƙwabtanmu na Najeriya suke ce wa memori. Akwai ƙarami da ake saka wa wayar salula, akwai kuma babba mai faɗin kan sarki, wanda ake kira SD, shi ne na kamara. Katin da muke magana a kai irin babban ne. A ido ba ya da bambanci da sauran, amma a cikinsa an dasa ƴar na'urar Wi-Fi, wadda ke aika hoto ta iska ba tare da an cire katin ba.

Wani kamfanin Amurka mai suna Eye-Fi, a jihar Kalifoniya, shi ya fito da shi kasuwa a shekarar 2007. Katin farko giga 2 ne, kuɗinsa kusan dalar Amurka 100. An yi shi ne domin gidajen da ke da Wi-Fi dare da rana: mutum ya dawo daga biki, ya kunna kamara, sai katin ya kama Wi-Fi na gidan ya loda hotunan cikin kwamfuta ko shafukan raba hotuna irin su Flickr da Facebook. Daga baya kamfanin Toshiba na Japan ya fito da nasa mai suna FlashAir, Transcend na Taiwan ma ya yi, sannan ga irin na ƙasar Sin da ake kira ez Share.

Katin ba shi da intanet

Nan ne ake yawan ruɗewa. Katin ba ya da layi, ba ya kama rezo na Airtel ko Moov ko Zamani ko Niger Telecoms. Wi-Fi da ke cikinsa ba koneksiyon ba ne. A ƙauyen da babu Wi-Fi na gida, abin da zai iya kawai shi ne ya miƙa hoto daga kamara zuwa wayar da ke kusa. Katin yana buɗe ɗan Wi-Fi nasa, sai ka shiga da wayarka, ka buɗe manhajarsa, ka ga hotunan, ka zaɓi waɗanda kake so su sauka. Daga nan wayar ce za ta tura su WhatsApp ko Facebook, da forfe ɗinka, da rezon garinku. Idan sai an hau tudu ake samun rezo a ƙauyenku, to da kati ko babu kati, sai an hau tudun.

Abubuwa uku kuma sai an lura da su. Na farko, nisan da yake kaiwa kaɗan ne, ƴan taku, kuma bango na rage shi. Na biyu, daga batirin kamara yake shan wuta, idan kamara ta mutu shi ma ya mutu, kuma batir ya fi saurin ƙarewa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Wutar NIGELEC da ke zuwa yankin nan tana biyo layin Katsina zuwa Gazawa, kuma mun ga yadda aka sha duhu lokacin da Najeriya ta yanke ta a watan Agustan 2023. Ƙauyuka da yawa ma dama sai da sola ko wurin mai caji. Na uku, wasu wayoyi idan suna haɗe da Wi-Fi na katin ba sa tura komai waje, sai an cire su daga katin tukuna.

Lissafin mega

Hoton kamara ya fi na waya nauyi. Hoto ɗaya yakan kai mega 5 zuwa 10. Mu ɗauka mai hoto ya ɗauki 200 a biki ɗaya, kowane mega 6. Giga 1 da ɗoriya ke nan. Idan aka saita abu ya riƙa lodawa da kansa, to har da hoton da ya fito dishi-dishi da wanda amarya ta rufe ido, duk forfe zai biya.

WhatsApp yana matse hoto ya rage masa nauyi sosai kafin ya tura, shi ya sa ba ya cin mega da yawa. Wannan ya isa a kalla a waya. Amma idan ɗan uwa a waje yana son ya wanke hoton ya rataya a ɗaki, sai a zaɓi biyu ko uku masu kyau a tura su a matsayin dokima, su je da cikakken nauyinsu.

Kafin a saya

Ga abin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba: zamanin wannan kati ya kusa wucewa. A shekarar 2016 kamfanin Eye-Fi ya sanar da cewa zai daina kula da tsofaffin katunansa daga watan Satumba, ya kuma sayar da ɓangarensa na ajiyar hotuna a intanet ga kamfanin Ricoh na Japan. Mutanen da suka sayi katin da tsada suka wayi gari aikin lodawa kai tsaye ya tsaya. FlashAir ma an daina ƙera shi. Dalili kuwa shi ne kamarorin da Canon da Nikon da Sony suke fitarwa shekaru goma da wani abu da suka wuce, yawancinsu da Wi-Fi a jikinsu suke zuwa.

Saboda haka, ɗan uwa da ke waje, kafin ka biya, ka tambayi sunan kamarar da ke gida da lambarta. Wataƙila tana da Wi-Fi nata ba a taɓa kunnawa ba, manhaja kawai za a sauke a waya. Idan tsohuwa ce, ka tabbata manhajar katin tana nan har yanzu kuma tana aiki da wayar da ke hannun ƙanenka. Kati ba manhaja, ya koma memwar kamar kowane.

Akwai kuma hanya mai araha: ƴar na'urar karanta kati da ake soka wa a bakin cajin waya, wadda ake kira OTG. Ka cire kati daga kamara, ka saka a ciki, hotuna su bayyana a waya. Ta fi Wi-Fi sauri, ba ta taɓa batirin kamara, kuma masu sayar da kayan waya sun san ta. A duba dai bakinta ya dace da na wayar, a kuma kiyaye ta daga ƙura, musamman lokacin hunturu.

Hoton da ya tafi ba ya dawowa

A shekarar 2008 jaridun Amurka sun ba da labarin wata mata da aka ɗauke wa kamara a wani gidan abinci a jihar Florida. Waɗanda suka ɗauka suka yi wa junansu hoto, katin Eye-Fi da ke ciki ya kama wani Wi-Fi a buɗe, ya aika wa matar fuskokinsu. Labarin yana ba da dariya, amma mu juya shi: na'urar da ke tura hoto da kanta ba ta tambayar kowa.

A yankinmu wannan maganar tsaro ce. Tun 2019 ƙasar Gidan Rumji ta karɓi dubban ƴan gudun hijira daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina, wasu an zaunar da su a Garin Kaka da Cadakori da Ɗan Daji Makau. Satar shanu da garkuwa da mutane don kuɗin fansa kuwa ba baƙon labari ba ne a bakin iyaka. Hoton garke, hoton sabon babur, hoton kayan lefe, ko hoton da ke nuna wane ya dawo daga ci-rani da abin hannunsa, idan ya hau Facebook inda kowa ke gani, ba dangi kaɗai ke kallo ba. Wayoyi da wasu katunan kuma suna rubuta wurin da aka ɗauki hoto a cikinsa, kuma hoton da aka tura a matsayin dokima yana tafiya da wannan bayani. A shiga saitin kamarar waya a kashe shi.

Shi kansa katin yana zuwa da lambar sirri ta kamfani. Ta FlashAir, misali, 12345678 ce. Idan ba a canza ta ba, duk wanda ke zaune kusa a wurin biki da ya san wannan zai iya shiga ya kwashi hotunan amarya da ƙawayenta, mai kamara bai sani ba. Ranar da kati ya iso, ranar za a canza lambar.

Sai batun izini. Ba kowace mace ke son hotonta ya fita ba, ba kowane magidanci ke son a ga cikin gidansa ba, yara kuwa sai da yardar iyayensu. Ƙasarmu tana da dokar kare bayanan mutum da hukumar HAPDP mai kula da ita, da kuma dokar laifukan intanet ta 2019. Yaɗa hoton da zai zubar wa wani mutunci yana iya kai mutum gaban alƙali.

Shawararmu ga masu hoto ita ce a kashe lodawa kai tsaye. A sauke hotuna a waya, a zauna da masu biki su zaɓa, sannan a tura wa wanda aka nufa ko gurup na dangi. Ku kuma ƴan uwa da ke waje, idan hoto ya iso muku, ku tambayi na gida kafin ku ɗora shi a shafinku. Wanda ke da tambaya a kan irin kamararsa ko wayarsa, ya aiko mana da ita, za mu amsa a cikin shirye-shiryenmu in Allah ya yarda.