Alpha Jet: Jirgin koyon tuƙi da ya ɗauki nauyin yaƙe-yaƙen Najeriya

Daga tsakiyar shekarun 1970 zuwa tsakiyar shekarun 1980, Najeriya ta sayi jiragen yaƙi iri uku da aka fi jin sunansu. Ta sayi MiG-21 daga Tarayyar Sobiyet, jirgin da gudunsa ya ninka na sauti har sau biyu. Ta sayi Jaguar guda 18 daga Birtaniya, wanda aka ƙera don ya yi tafiya ƙasa-ƙasa ya kai bama-bamai nesa. Sai na ukun, wani ɗan madaidaicin jirgi mai kujeru biyu, ɗaya a bayan ɗaya, wanda ko gudun sauti ba ya kaiwa. Sunansa Alpha Jet, kuma a Faransa aikin da aka san shi da shi shi ne horar da matasan matuƙa kafin a damƙa musu manyan jirage. Da a lokacin an tambayi wani hafsa a sansanin Makurdi wanne ne cikin ukun zai tsare ƙasar nan ranar da ta ɓaci, ba na jin zai ambaci na ukun. Amma kafin a yi nisa cikin shekarun 1990, Jaguar da MiG duk sun kwanta, babu kayan gyara, babu kuɗin sayensu. Alpha Jet shi ya je Laberiya, ya je Saliyo, ya sauka a Yamai, ya kewaya Sambisa, ya shiga dazuzzukan Zamfara.

Jirgin ɗan haɗin gwiwa ne. Kamfanin Dassault na Faransa da kamfanin Dornier na Jamus ta Yamma ne suka haɗu suka ƙera shi, ya kuma fara tashi a watan Oktoba na 1973. Buƙatun ƙasashen biyu sun bambanta: Faransa makaranta take so, Jamus kuwa tana son ƙaramin jirgi da zai taimaka wa sojojin ƙasa a fagen daga. Wannan saɓanin buƙata ya zame masa alheri, domin an fito da jirgin da ɗalibi zai iya sarrafawa, kuma idan an rataya masa rokoki da bama-bamai a ƙarƙashin fukafukai, an ɗaura masa bindiga mai manyan harsasai a ciki, sai ya koma mayaƙi. Injinsa biyu ne, gudunsa ya kai kimanin kilomita 1,000 a sa'a guda. Ƙasashen Afirka da dama sun saye shi, irin su Masar, Maroko, Kamaru, Togo da Kwaddibuwa. Najeriya ta ɗauki guda 24, rukunin farko ya iso a farkon shekarun 1980, Alhaji Shehu Shagari na kan mulki, aka yi masa gida a Kainji, Jihar Neja, inda matuƙa ke koyon harbi daga sama.

Me ya sa shi ya rayu sauran suka mutu? Amsar tana hannun makanikai. Jirgin yaƙi ba ya tashi don kawai an saye shi. Kowace sa'a da ya yi a sama tana cin sa'o'i da yawa na dubawa da kwancewa da mayarwa a ƙasa, kuma kowane ƙarfe a jikinsa yana da adadin sa'o'in da zai yi a cire shi, ko da a ido lafiyarsa ƙalau. Jaguar ingarman doki ne da sai gidan sarki ke iya ciyar da shi, Alpha Jet kuwa jakin gida ne, ɗan abin da ka ba shi ya isa ya kai maka kaya kasuwa. Da farashin mai ya faɗi, tattalin arziki ya shiga matsi a zamanin Janar Ibrahim Babangida, wanda ciyar da shi ke da sauƙi shi aka iya riƙewa. Ko bayan da Tarayyar Turai ta hana sayar wa Najeriya makamai a 1995, sakamakon rataye Ken Saro-Wiwa da gwamnatin Janar Sani Abacha ta yi, injiniyoyin rundunar sojin sama sun ci gaba da tayar da wasu daga cikinsu, kuma a irin wannan hali abin da akan yi shi ne a kwance na kwance a gyara na tsaye. Waɗannan mutane ba a buga hotunansu a jarida, amma ni a wurina rabin tarihin jirgin nan nasu ne.

Yaƙinsa na farko a ƙasar waje ya yi shi. A jajibirin Kirsimeti na 1989 Charles Taylor ya shigo Laberiya da mayaƙansa ta kan iyakar Kwaddibuwa, kuma a watan Agusta na 1990 dakarun ECOMOG na ƙasashen Afirka ta Yamma, waɗanda akasarinsu 'yan Najeriya ne, suka sauka a Monrobiya. A watan Oktoba na 1992 Taylor ya yi wa birnin babban farmaki, saura ƙiris ya kama shi. A nan ne Alpha Jet ya nuna amfaninsa. Taylor ba shi da jirgin yaƙi ko ɗaya, don haka 'yan tsirarun jiragen Najeriya suka riƙa bin hanyoyin da yake shigo da makamai, suna kai hari tashar jiragen ruwa ta Buchanan da hedikwatarsa da ke Gbarnga. Monrobiya ba ta faɗi ba. Sai dai tun a wannan yaƙi aka fara jin kukan da har yau bai ƙare ba: a 1993 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto tana zargin jiragen ECOMOG da afka wa asibitoci da ayarin motocin agaji a yankunan da Taylor ke riƙe da su.

Saliyo ta biyo baya. Sojoji sun hamɓarar da Shugaba Ahmad Tejan Kabbah a watan Mayu na 1997, ECOMOG ta kore su daga Freetown a farkon 1998 aka mayar da shi kan kujerarsa, kuma jiragen da suka rufa wa sojojin ƙasa baya su ne dai waɗannan. A 2013, da aka tura dakarun Afirka zuwa Mali, Najeriya ta kai Alpha Jet filin jirgin saman Yamai. A watan Mayu na shekarar ɗaya ya faɗi kusa da Dargol, yamma da birnin, matuƙansa biyu suka rasu a ƙasar Nijar.

Daga nan yaƙi ya dawo gida. A watan Disamba na 2013 'yan Boko Haram suka kutsa sansanin sojin sama na Maiduguri suka ƙona jirage masu saukar ungulu biyu da wasu tsofaffin jirage uku da aka daina aiki da su. A shekarar da ta biyo, suka riƙa kama garuruwa ɗaya bayan ɗaya: Gwoza, Bama, Madagali, Michika, har Mubi a ƙarshen Oktoba na 2014. Ina zaune a Jimeta a wancan lokaci, kuma duk wanda ya zauna a can ya san yadda muka koyi sauraron sama. Gari cike da 'yan gudun hijira, kowane gida da baƙinsa, wasu a masallatai, wasu a makarantu. Idan jirgin nan ya tashi daga filin Yola, ƙararsa ta yaga sama ya nufi arewa, sai ka ga mai shayi ya dakata da zuba ruwa, tsoho ya ɗaga kai yana cewa Allah ya ba da sa'a. Matan da suka baro Michika a ƙasa suna jin wannan ƙara su ɗan samu natsuwa, domin tana nufin akwai wanda ya tafi ya tare waɗanda suka koro su. Ban san sunan jirgin ba a lokacin, kamar yawancin mutane. Jet kawai muke ce masa.

Ɗaya daga cikin waɗannan jirage ya tashi daga Yola da hantsin ranar 12 ga Satumba, 2014, bai dawo ba. Bayan 'yan makonni Boko Haram ta fitar da bidiyon wani mutum da ya ce shi hafsan sojin sama ne, suka kashe shi a gaban kyamara. Shi ne Wing Kwamanda Chimda Hedima. Ranar 31 ga Maris, 2021, wani ya ɓace a Borno da matuƙa biyu, John Abolarinwa da Ebiakpo Chapele, kuma sai bayan kusan shekara guda sojoji suka gano tarkacensa a dajin Sambisa. Ranar 18 ga Yuli, 2021, 'yan bindiga suka harbo wani a kan iyakar Zamfara da Kaduna. Matuƙinsa, Abayomi Dairo, ya yi tsalle ya diro da lema, ya ɓuya har duhu ya shiga, ya yi amfani da wayarsa wajen gane hanya, ya isa wurin sojojin ƙasa da ransa. Wannan rana ta girgiza mutane da yawa, domin ta nuna cewa ɓarayin daji sun mallaki bindigar da ke kaiwa ga jirgin yaƙi.

Waɗannan asarori suna da dalili a yadda jirgin yake aiki. Alpha Jet ɗan zamanin da ido ne ke saiti. Rokokinsa da harsasansa ba sa bin wani haske ko wata na'ura zuwa inda aka nufa. Dole matuƙi ya ga abin da zai harba da idonsa, ya sunkuyo da hancin jirgin, ya saki wuta, ya ɗaga. A wannan sunkuyowa ne yake shiga hannun bindigar harbo jirgi da aka ɗaura a bayan Hilux. Kuma a wannan gudu, daƙiƙoƙi kaɗan gare shi ya tantance abin da ke ƙasa. Taron mutane a gindin bishiya na iya zama 'yan bindiga, yana iya zama kasuwar ƙauye ko zaman makoki. Matuƙi ba zai iya sanin wannan daga sama ba. Abin da aka faɗa masa kafin ya tashi, da abin da ake faɗa masa ta rediyo, shi ne madogararsa.

Akwai wani mako guda da nake ganin ya tattara labarin rundunar gaba ɗaya. Ranar 17 ga Janairu, 2017, jirgin yaƙin sojin saman Najeriya ya jefa bama-bamai a kan sansanin 'yan gudun hijira a Rann, ƙaramar hukumar Kala-Balge ta Jihar Borno. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce aƙalla mutum 90 ne suka mutu, akasari mata da yara, har da ma'aikatan agaji na Red Cross. Mutanen da suka gudo daga Boko Haram ne, suna zaune a inda gwamnati ta ajiye su. Rundunar tsaro ta ce kuskure ne, daga baya ta ce ba a sanya alamar sansanin a taswirar aiki yadda ya kamata ba. A cikin wannan makon ne kuma aka tura Alpha Jet zuwa Dakar saboda Yahya Jammeh ya ƙi sauka bayan ya faɗi zaɓe a Gambiya. Jiragen suka yi shawagi, sojojin ƙasa suka tsallaka iyaka sannan suka dakata, ranar 21 ga wata Jammeh ya bar ƙasar ba tare da an jefa bam ko ɗaya ba. A Gambiya an san abin da ake nema, an san inda yake. A Rann ba a sani ba, aka harba.

Duk da tsufansa, rundunar ba ta iya rabuwa da shi ba. A 2015 ta ƙara sayen guda huɗu na hannu daga Amurka, waɗanda aka cire musu duk kayan yaƙi kafin a sayar, kuma a zamanin Iya Mashal Sadique Abubakar injiniyoyin gida ne suka sake ɗaura musu makamai. Wannan abin a yaba ne ƙwarai, kodayake yana kuma nuna irin ƙuncin da ake ciki: ƙasa mai mutane sama da miliyan 180 tana neman jirgin shekarun 1970 a kasuwar gwanjo tana tsakiyar yaƙi. Jiragen F-7 da aka sayo daga Sin wajen 2010 an yi su ne don karon jirgi da jirgi a sama, abokan gabarmu kuwa a kan babura suke.

Magadansa sun fara isowa. A 2021 aka karɓi JF-17 guda uku daga Pakistan. Ranar 22 ga Yuli na shekarar, kwana huɗu bayan harbo jirgin Dairo, rukunin farko na Super Tucano ya sauka a Kano, daga cikin 12 da aka biya wa kusan dala miliyan 500. Harin Rann na cikin abin da ya jinkirta wannan ciniki, domin gwamnatin Obama ta dakatar da shi, sai ta Trump ce ta amince. Super Tucano mai farfela ne, bai kai Alpha Jet gudu ba, amma yana daɗewa a sama, yana da na'urar gani dare da rana, yana kuma iya sakin bam mai bin saiti daga nesa. An kuma ƙulla cinikin M-346 guda 24 da kamfanin Leonardo na Italiya, wanda shi ma jirgin horo ne mai iya yaƙi, irin gidan da Alpha Jet ya fito.

Sabon jirgi ba ya gyara labarin da aka ba matuƙi. A watan Disamba na 2023 jirgi marar matuƙi na sojojin ƙasa, na zamani mai kyamara, ya hallaka masu taron Maulidi a Tudun Biri, Jihar Kaduna, hukumar ba da agajin gaggawa ta ce mutum 85 aka binne. Mu da waɗannan jirage ke tashi a saman gonakinmu muna da haƙƙin yin tambaya, kuma wakilanmu a Majalisar Tarayya su ne ke sa hannu a kasafin tsaro. Idan ɗan majalisarku ya zo gida, ku tambaye shi ko an ware kuɗin kayan gyara da horar da makanikai na shekarun da sababbin jiragen za su yi, don kada su bi sahun Jaguar. Ku tambaye shi wa ke tabbatar da abin da ke ƙasa kafin a ba matuƙi izinin harbi, da kuma dalilin da ya sa ba a buga cikakken rahoton bincike kowa ya karanta idan an kashe farar hula.